Tsakanin "Wato" da "Misali": Gadon da Marubutan Rum Suka Bar wa Masu Jira

A ranar 27 ga Afrilu, 2018, ƙungiyar mawaƙan nan ta ƙasar Suwidin, ABBA, ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa su huɗun sun sake haɗuwa sun naɗi sababbin waƙoƙi biyu. Rabonsu da fitar da kundin waƙoƙi tun 1981. Aka ce za a ji ɗaya daga ciki a wani shirin talabijin cikin watan Disamba na wannan shekara. Disamba ta zo ta wuce, shiru kake ji. 2019 ta bi sahu, 2020 ta zo da annobarta. Sai ranar 2 ga Satumba, 2021 waƙoƙin biyu suka fito, kundin Voyage kuma ya biyo baya ranar 5 ga Nuwamba. Sunan ƙungiyar ma taƙaitawa ce, ba Abban unguwarku ba: harufan farko ne na Agnetha da Björn da Benny da Anni-Frid.

Shekara uku da wata huɗu masoya suka yi suna zaman da ya yi kama da jiran gawon shanu. Wanda ya taɓa zama cikin masoyan wata ƙungiyar mawaƙa a irin wannan lokaci ya san yadda abin yake. Idan babu sabon labari, tsohon ake komawa a tona. Sanarwa mai layi uku sai a yi wata guda ana jujjuya ta, ana auna kowace kalma, har muhawara ta gangaro kan ɗigo da waƙafi. Kuma ba kullum wannan bin diddigi ke zama aikin banza ba. A ranar 14 ga Yuni, 2022, 'yan ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu suka fitar da bidiyon wata liyafa inda suka ce kowannensu zai ɗan mai da hankali kan aikinsa shi kaɗai. Fassarar Turancin da aka sa a ƙasan bidiyon ta yi amfani da kalmar hiatus, kalmar Latin da asalinta ke nufin wangale baki ko giɓi, Turawa kuma suna nufin dakatawa da ita. Kashegari darajar hannun jarin kamfaninsu, Hybe, ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har sai da kamfanin ya fito yana cewa ƙungiyar ba ta dakata ba. Kalma ɗaya ke nan.

Amma gardamar da ta fi kowace daɗewa a irin wannan zama ita ce ta i.e. da e.g. A ƙaddara sanarwa ta ce ƙungiya za ta yi wasa a wasu biranen Turai, sannan ta rubuta "i.e. Landan da Paris". Mutumin Madrid sai ya haƙura, don i.e. taƙaitawar id est ce, wato "wato": an gama magana, birane biyun nan ne kawai. In kuwa "e.g. Landan da Paris" aka rubuta, yana da sauran fata, don e.g. taƙaitawar exempli gratia ce, wato "misali": waɗannan biyu somin taɓi ne, akwai wasu. Matsalar ita ce mai rubuta sanarwar kansa sau da yawa bai san bambancin ba, don haka masoya ke rabuwa gida biyu, wasu na kafa hujja da abin da harufan suke nufi, wasu na cewa ai ba haka marubucin ya yi niyya ba. Bahaushe ba ya taɓa rikita "wato" da "misali", ko yaro ne, saboda yana jin ma'anar kalmomin a kunnensa. Baturen yau kuwa harufa biyu-biyu kawai yake gani, kowanne da e a ciki, kowanne yana zuwa bayan waƙafi, kalmomin da ke bayansu kuma sun daɗe da fita daga bakin mutane.

Wanda yake ganin wannan gardamar marasa aikin yi ce, ya dubi abin da ya faru da Interval Licensing, kamfanin Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates. A 2010 kamfanin ya kai ƙarar manyan kamfanoni, ciki har da AOL da Apple da Google da Yahoo, yana cewa sun yi amfani da fasahar da ya yi wa rajista. Ɗaya daga cikin takardun rajistar ta yi maganar nuna wa mai kwamfuta bayani ta hanyar da ba za ta ɗauke masa hankali ba. To mene ne ma'aunin "ba za ta ɗauke hankali ba"? Lauyoyin kamfanin suka nuna wani wuri a takardar da ya bayyana yadda ake yi. Sai dai e.g. aka sa a gaban bayanin. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka mai kula da irin waɗannan shari'o'i ta ce da i.e. aka rubuta, da bayanin ya zama ma'ana tsayayya da za ta taimaka, tunda e.g. ne, misali ne kawai, misali ɗaya kuma ba ya shata iyaka. Aka soke waɗannan sassa na rajistar.

Rumawa sun daɗe da wannan ɗabi'a, kuma dalilinsu a fili yake: sau da yawa a kan dutse suke rubutu, kowane harafi sai an sassaƙa shi da guduma da kurfi. Don haka "Majalisa da Jama'ar Rum" ta koma SPQR, harufan da har yau suke kan murafan magudanan ruwa a birnin. A kan kabari a rubuta H.S.E., "a nan yake kwance". Sunayen maza na farko ba su da yawa, sai aka ba kowanne harafi: M. Marcus ne, L. Lucius ne. Nan ma tun da wuri aka shuka rikici. Gaius da C. ake taƙaita shi, saboda an kafa al'adar tun kafin a ƙirƙiro harafin G a ƙarni na uku kafin Miladiyya, lokacin C ne ke ɗaukar sautukan biyu. Harafin ya canza, taƙaitawar ta ƙi canzawa, shi ya sa ƙarnuka daga baya aka sami masu rubuta sunan Kaisar da Caius. Kafin ƙarshen ƙarni na farko na Miladiyya, taƙaitawar da ke cikin takardun shari'a ta yi yawan da aka tsara mata jerin fassara, wanda ake danganta wa malamin nahawu Valerius Probus. Rumawan kansu ma sai da jagora.

Mutumin da ya fi burge ni a wannan tarihi bawa ne. Tiro sakataren Cicero ne, babban lauya kuma ɗan siyasar Rum, wanda ya 'yanta shi a shekara ta 53 kafin Miladiyya. Shi ake danganta wa tsarin rubutun gaggawa na 'yan alamomi, wanda mai rubutu zai iya bin mai magana da shi ba tare da an bar shi a baya ba. Plutarch ya ruwaito cewa a watan Disamba na shekara ta 63 kafin Miladiyya, ranar da majalisa ke muhawara kan hukuncin waɗanda suka haɗa baki da Catilina, Cicero ya baza marubuta masu saurin hannu a zauren, kuma ta haka jawabin Cato ya tsira. Idan mai rubuta manhaja ya dubi tsarin Tiro, zai gane ɗan'uwansa: alama ɗaya ta tushen kalma, wata ƙarama a gefe ta nuna ƙarshenta, abin da ya fi yawan zuwa a ba shi alama mafi gajarta. Matse bayani ke nan, tun kafin a yi mafarkin kwamfuta. Na baya suka yi ta ƙari, har a zamanin zuriyar Sarki Charlemagne alamomin suka kai dubu goma sha uku ko kusa da haka. A nan tsarin ya kashe kansa. Abin da aka yi don sauƙi ya zama sai an shekara ana haddacewa.

Sarki Justinian na Rum ta Gabas kuwa ɗaga sanda ya yi a kan taƙaitawa. Da ya sa aka tattara ra'ayoyin manyan masana shari'ar Rum cikin littattafai 50, aka ƙaddamar a Disambar 533, sai ya kafa doka: kada wanda ya kwafe su da taƙaitattun harufa, ko lambar littafi ce a rubuta ta da kalmomi cikakku. Kwafin da aka samu da taƙaitawa ba za a kafa hujja da shi a kotu ba, marubucin da ya yi shi za a hukunta shi kamar mai jabun takarda, kuma ya biya mai littafin ninki biyu na kuɗinsa in bai sani ba ya saya. Hujjar sarkin ita ce harufan nan sun riga sun ɓata tsofaffin littattafan shari'a, kowane mai kwafi yana warware su yadda ya ga dama. Alƙalan da suka yanke hukuncin 2014 da sun karanta wannan doka da sun gyaɗa kai.

Dokar ta kare littattafan shari'arsa na ɗan lokaci, amma ba ta iya da tsadar fata ba. Kafin takarda ta wadata a Turai, a kan fatar maraƙi ko tunkiya ake rubutu. Wani babban kwafin Baibul da aka yi a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, wanda yanzu yake Florence, ya cinye fatun dabbobi fiye da 500, nauyinsa ya haura kilo 30. Wannan na alfarma ne. Ɗalibin jami'a a Paris ko Bologna a ƙarni na 13 ba shi da garke, don haka a littattafansa kusan kowace kalma an datse ta: ɗan layi a saman harafi yana nufin an cire m ko n, p mai sanda a ƙafa per ne, p mai lanƙwasa pro ne. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, don marubutan Larabci ma sun bi wannan hanya: harufa uku su tsaya a madadin "ila akhirihi", malaman hadisi su datse "haddasana", mai sharhi ya sa harafin sadi a gaban nassi, shinun a gaban sharhinsa. Da Gutenberg ya zo buga Baibul wajen 1455, so yake ya yi kama da rubutun hannu, sai da ya zuba harufan ƙarfe iri daban-daban kusan 290, da yawansu na taƙaitawa ne da harufan da aka haɗe. Ƙamus ɗin da Adriano Cappelli ya wallafa a Milan a 1899, wanda masu karanta tsofaffin rubuce-rubucen Turai ke riƙe da shi har gobe, yana da taƙaitawa kusan 14,000.

Injin ɗab'i da arhar takarda suka share mafi yawansu. Latin ma ya ja baya sannu a hankali: Newton da shi ya rubuta babban littafinsa na 1687, kotunan Ingila kuma sai a 1733 doka ta tilasta musu komawa Turanci. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne muke fama da su, kowanne da tabonsa. Harafin z da ke cikin viz. ba z ba ne. Wata lanƙwasa ce da marubuta ke sawa a madadin ƙarshen kalmar videlicet, masu ɗab'i ba su da ita sai suka ɗauki harafin da ya fi kama da ita. Alamar & ba komai ba ce illa e da t na kalmar et, wato "da", da aka rubuta a haɗe cikin sauri, kuma an ga irinta a bangon Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Ita wannan et ita ce a farkon etc., et cetera, "da sauransu", don haka mai rubuta ect. ya juya harufa, mai sa and a gabanta kuma "da da sauransu" ya ce. Re: da ke gaban amsar imel ɗinka, yawancin mutane sun ɗauka guntun kalmar Turanci ce ta amsawa, alhali takardar ƙa'idar imel ta 2008, RFC 5322, cewa ta yi daga in re na Latin take, "game da batun".

Kakanninmu ma sun riƙe Latin a aljihu ba tare da an gaya musu ba. Kafin naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki, ana rubuta su £ da s da d. Me ya haɗa kwabo da d? Ba komai, sai dai denarius, tsabar azurfar Rumawa. Alamar fam L ce mai ado, daga libra, ma'aunin nauyi. Ita s, da kowa zai rantse ta sule ce, daga solidus take. Lissafin nan na kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, tsarin Charlemagne ne na ƙarshen ƙarni na takwas, ya bi ta Ingila ya iso kasuwar Kurmi. Malamin kanti da ya rubuta 6d don sisi ko 3d don taro, sunan kuɗin Rum yake rubutawa. Haka nan AH da ake sa wa shekarar Hijira a rubutun boko: Anno Hegirae ne, Latin tsantsa, Turawa suka ƙera shi a kan ƙirar AD, Anno Domini, lissafin da wani malamin coci mai suna Dionysius ya tsara a Rum a 525. Da yawa sun ɗauka AD "bayan mutuwa" yake nufi da Turanci, ba su lura da cewa in haka ne shekaru talatin da wani abu sun ɓace tsakanin lissafin biyu ba.

Akwai wadda ta fi cizon masoya mawaƙa kai tsaye. Tun 10 ga Yuli, 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka amince sababbin waƙoƙi su riƙa fita ranar Juma'a, da zarar sha biyun dare ta buga. Tikitin wasa kuma sau da yawa da sha biyun rana ake buɗe sayarwa. To wanne ne 12 a.m., wanne ne 12 p.m.? Ante meridiem "kafin tsakar rana" ne, post meridiem "bayan tsakar rana". Tsakar rana kanta ba ta kafin kanta, ba ta bayan kanta, tsakar dare kuma tazararta ɗaya ta kowane ɓangare. Latin ɗin bai ba da amsa ba, al'ada ce kawai ta tsayar da 12 p.m. a matsayin rana. Al'adar ma ba ta daɗe da zama daram ba: littafin ƙa'idar rubutu na ma'aikatar ɗab'in gwamnatin Amurka, bugun 2000, 12 a.m. ya kira tsakar rana, sai a bugun 2008 ya juya. A ganina wanda duk ya rubuta 12 a.m. a sanarwa ya zalunci masu karatu, tunda 00:00 da 12:00 suna nan ba sa bukatar tafsiri. Hausa kuma ta huta da wannan tun asali, "na rana" ko "na dare" take cewa.

Duk wannan asarar tikiti ce ko ta kuɗi. A asibiti abin ya wuce nan. Ka dubi takardar maganin da likita ya rubuta maka: b.d. sau biyu a rana, t.d.s. sau uku, q.d.s. sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu, p.r.n. in bukata ta taso. Duk Latin ne, mun gaje shi daga tsarin likitancin Ingila. A wannan tsarin o.d. "kullum sau ɗaya" ne, amma a wurin likitan ido harufan nan biyu "idon dama" suke nufi. A Amurka q.d. ake rubutawa don sau ɗaya a rana, q.i.d. don sau huɗu, kuma da irin rubutun hannun likitoci ɗigon da ke bayan q yana iya zama i. Maganin sau ɗaya ya koma sau huɗu. Shi ya sa a 2004 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka, Joint Commission, ta sa q.d. da q.o.d. cikin jerin taƙaitawar da ta hana rubutawa, ta ce a rubuta kalmomin cikakku. Shekara 1,471 ke nan bayan dokar Justinian, kuma hujjar ba ta canza ba.

A 2016 masu kula da rubutun gwamnatin Birtaniya a intanet suka bi sahu, suka ce ma'aikata su daina sa eg da ie da etc, su yi amfani da kalmomin Turanci na yau da kullum. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne wasu manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu suna furta eg kamar kalmar Turanci ta ƙwai. Wani dalilin kuma waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwo ta wata fuskar. Ka ce wa kwamfuta ta raba rubutu jimla-jimla a duk inda ta ga aya, sai ta iso e.g. ta yanka jimla ɗaya gida uku. Dole a ajiye mata jerin keɓaɓɓu, kuma in ka buɗe jerin, za ka tarar da Latin da yawa a ciki. Alamar & ma a rubutun shafin intanet aiki na musamman take yi, in kana son ta fito a matsayin kanta sai ka rubuta ta da harufa biyar.

Daga cikin dubban alamomin Tiro, ɗaya ce ta rage a bakin aiki: ⁊, mai kama da lamba bakwai, wadda take nufin et. Marubutan Ayalan sun karɓe ta tun zamanin rubutu a kan fata, suka ba ta ma'anar agus, "da" a harshensu, ba su kuma sake ta ba. Tana kan allunan biyan kuɗin ajiye mota a titunan Dublin, da kan tsofaffin akwatunan wasiƙa masu ɗauke da P⁊T. A tsarin Unicode lambarta U+204A, kuma ba kowace waya ke iya nuna ta ba. In ɗan akwati ka gani a madadinta a layukan nan, taka na cikinsu.